Ta ina ake fara rage sukari a gida, kuma zuma za ta iya maye gurbinsa?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kullum ana cewa a rage sukari, amma ba a faɗin nawa ne ya yi yawa, ba a kuma faɗin ta inda za a kama. Ga abin da babba ɗaya yake sha a yini a gidanmu, don Allah masana ku yi mini lissafi: shayi kofi biyu, safe da dare, kowanne da cokali uku na sukari, kuma cokalin har da tozo ake cika shi, lemon kwalba na rabin lita da rana, ƙaramin kofin yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, sai biskit kamar guda huɗu. Yara biyu, mai shekara biyar da mai takwas, kowa yana tafiya makaranta da jus na kwali. Akwai kuma kakarsu da take shan maganin ciwon sukari. Nawa ne iyaka? Kuma yankewa ake yi lokaci guda ko ja da baya ake yi a hankali? Na gode.

Mai Sikeli:

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Bari mu fara da ma'auni. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalori, wato ma'aunin kuzarin abinci, da mutum yake samu a yini, in ya sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Babban da yake cin kalori 2,000, kashi 10 ɗinsa kalori 200 ne. Kowane giram na sukari kalori 4 ne, ya zama giram 50 ke nan, rabinsa kuma giram 25. Cokalin shayi a shafe yana ɗaukar giram 4. Saboda haka cokali 12 ne iyaka, cokali 6 kuma shi ne abin so.

Abin da hukumar take ƙirgawa ya fi farin sukarin cikin gwangwani faɗi. Ta haɗa da wanda kamfani ya zuba, da wanda mai girki ta zuba, da zuma, da sirof, da ruwan 'ya'yan itace ko da a gida aka matse shi. Abin da ba ta ƙirgawa shi ne sukarin da yake cikin ɗan itace da aka ci ɗungurungum, da na kayan lambu, da na madara tsagwaronta.

Yanzu ga lissafin gidanku. Cokali mai tozo yakan kai giram 7, kusan ninkin na shafe. Shida a yini giram 42. Lemon kwalba irin na kola yana da kimanin giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, rabin lita ya kama giram 53. Yogot mai ɗanɗano, in kofin giram 150 ne, abin da aka ƙara masa yakan kai giram 12 bayan an cire na madarar. Biskit huɗu, a ce giram 10. Jimla giram 117, wato cokali 29 da ɗoriya. A shekara ya haura kilo 40 ga mutum ɗaya. Ki lura, giram 95 daga ciki kurɓarsu aka yi, ba taunawa ba. To daga kofi da kwalba za a fara, biskit ya jira.

Dalili kuwa shi ne abin sha ba ya ƙosarwa. Wanda ya sha lemo mai kalori 200 da rana yawanci ba ya rage wani abin kirki a tuwon dare ko shinkafarsa, galibin kalorin ƙari ne a kan abin da zai ci dama. Ga shi yana wucewa hanji da sauri, jini ya cika da gulukos cikin mintuna, hanta kuma ta karɓi furuktos mai yawa a lokaci guda. Farin sukari rabinsa gulukos ne rabinsa furuktos, shi kuwa furuktos mafi yawansa hanta ce take sarrafa shi, in ya yi mata yawa ta mai da wani sashe kitse.

Ga yadda zan tsara a shayi. Makon farko kada a rage yawan cokali, a shafe shi kawai da bayan wuƙa. Wannan kaɗai ya sauko da giram 42 zuwa 24, kuma mutane da dama ba sa ma ankara sosai. Daga nan a riƙa cire rabin cokali duk bayan kwana bakwai zuwa goma: uku, biyu da rabi, biyu, har a kai ɗaya ko ƙasa. In wani mataki ya yi wuya a tsaya a kansa mako biyu, kada a koma baya. A ware cokali ɗaya tak na awo, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Kuma a daina kawo gwangwanin sukari inda ake sha, a zuba tun a kicin.

Sau da yawa ba zaƙi ake nema a shayi ba, bauri ake ɓoyewa. Ganyen da ya daɗe a ruwan zafi ko aka tafasa shi da ƙarfi yana sakin bauri, sai a bi shi da sukari. A tsame shi bayan minti uku. Madara marar zaƙi tana kashe baurin, kirfa ko citta ko na'a-na'a kuma suna cike gurbin ɗanɗano. Amma a kula da madarar gwangwani mai kauri mai danƙo: fiye da rabin nauyinta sukari ne. Wanda ya cire cokali biyu na sukari ya zuba babban cokali ɗaya nata bai rage komai ba.

Lemon kwalba kuma, daga rabin lita a koma ƙaramin gwangwani, sannan kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a huta, sannan sau ɗaya a mako.

Baban Zara:

Malam Mai Sikeli, lissafinka ya fita, a shayi ma ina tare da kai. A lemon kwalba ne na saɓa maka. Shayi kai ne mai zuba sukarinsa, kana iya ja da baya rabin cokali rabin cokali. Lemo kuwa a haɗe yake zuwa, kuma matuƙar yana cikin firiji za a sha shi. Abin da ya fi aiki a nan shi ne a daina sayowa gida kwata-kwata, a ajiye ruwa mai sanyi a gurbinsa, in gas ɗin ake so akwai ruwan soda marar zaƙi, a matsa lemon tsami a ciki.

Sai dai Maman Biyu ki san abin da zai biyo baya don kada ya ba ki tsoro. Wanda ya saba da kola kullum, in ya bari lokaci guda, yakan yi ciwon kai da kasala daga awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Mutane sai su ce jiki ne yake neman sukari, su koma ruwa. Mafi yawa ba sukari ba ne, kafin ne, sinadarin da yake cikin kola da gahawa da shayi. Yakan tsananta a kwana na biyu, ya wuce cikin mako guda ko kaɗan fiye. Kofin shayi a daidai lokacin da aka saba shan lemon yana sauƙaƙa shi.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa in ka rage, harshe zai saba har ka tsani zaƙi. Rabinta gaskiya ce. Wani bincike da cibiyar binciken ɗanɗano da ƙamshi ta Monell da ke Amurka ta wallafa a 2016 ya sa mutane sun rage sukari na wata uku. Sun riƙa jin abinci mai zaƙi ya fi musu zaƙi fiye da da, amma matakin zaƙin da suka fi so bai sauya ba. Ma'ana shayi mai cokali ɗaya yana iya daina yi miki lami, amma kwaɗayin kek yana nan daram. Don haka kada a dogara da ƙarfin zuciya, a dogara da abin da ake shigowa da shi gida.

Wannan ya kawo mu karatun bayan kwali, kuma nan ne aka fi yaudarar mutane. Kada ki kalli layin da aka rubuta na ci ɗaya, domin kamfani ne yake yanke girman cin, kuma yakan ƙanƙanta shi: kwalba ɗaya a ce sha biyu ce. Ki kalli layin giram 100 ko mililita 100. Ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila yana da sauƙin riƙewa: abinci mai sukari sama da giram 22.5 a cikin 100 ya yi yawa, giram 5 zuwa ƙasa kaɗan ne. A abin sha, sama da giram 11.25 ya yi yawa, 2.5 zuwa ƙasa kaɗan ne. Duk adadin da kika gani ki raba shi huɗu, ya ba ki yawan cokali.

Yawancin ƙasashe jimlar sukari ake rubutawa, ba a ware na ƙari da na asali. Amurka na cikin ƙasashen da suka wajabta layin na ƙari daban. In babu, sai ki yi ragi da kanki: madara da yogot tsagwaro suna da kusan giram 5 a cikin 100 na asali, duk abin da ya haura haka zubawa aka yi. Yogot mai giram 13 ke nan an ƙara masa 8.

Sai jerin kayan haɗi. Ana jera su ne bisa nauyi, mafi yawa a farko. In sukari yana cikin ukun farko, kin san da wa kike tare. Dabarar da ake yi ita ce a rarraba shi gida uku ko huɗu da sunaye daban-daban don kowanne ya sauka ƙasa a jerin: gulukos, dekstros, maltos, furuktos, sirof na masara, malt, daskararren ruwan 'ya'yan itace, wato wanda aka ƙafar har ya yi kauri. A rubutun Turanci duk kalmar da ta ƙare da harufan o, s, e ki zarge ta. Kwalin da aka rubuta ba a ƙara sukari ba ma yana iya ƙunsar daskararren ruwan tuffa ko na inabi, wanda a wurin jiki duk ɗaya ne.

Inda ba a zato kuma ake samu: kecaf, wato miyar tumatir ta kwalba, babban cokali ɗaya kusan giram 4, hatsin karin kumallo na kwali, musamman masu hoton zane na yara, garin cakulan da ake damawa da madara, wanda wasu kusan rabinsa sukari ne wasu ma sun haura, gahawar leda mai haɗi uku, lemon malt da na ƙara kuzari, waɗanda ba su da maraba da kola a yawan sukari. Kuma lemo mai suna ɗaya yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Bayan Birtaniya ta sa haraji a kan lemo mai sukari a 2018, kamfanoni da yawa sun rage na can. Kwalbar da take hannunki ita za ki karanta.

Maman Biyu:

Allah ya saka da alheri, giram 117 ɗin nan ya tsorata ni. To in na koma zuma ko jan sukari fa? Wasu kuma sun ce dabino, wasu sun ce ƙwayar zaƙi marar kalori. Sannan ina yin kek da biskit a gida, in na rage sukarin ba zai lalace ba? Ba ku kuma ce komai a kan jus ɗin yara ba.

Anti Kicin:

'Yar'uwa, zuma da jan sukari a wannan lissafin ba cinya ba ne ƙafar baya. Jan sukari farin sukari ne da ɗan baƙin ruwan rake a jikinsa, kusan kashi 97 cikin 100 nasa sukari ne, ɗan sinadaran da ake yabonsa da su ba su kai a ambata ba. Zuma kusan kashi 80 sukari ce, sauran ruwa, ga ta da nauyi: babban cokali ɗaya giram 21 ne, 17 daga ciki sukari. Abin da za a ce ta fi shi da shi kawai, ta ɗan fi zaƙi da ƙamshi, don haka kaɗan yana iya isa. Matsalar ita ce da zarar mutum ya ji ana ce mata magani sai hannunsa ya saki. Ki sha don daɗinta in kina so, amma ki ƙirga ta cikin cokali shida ɗin nan. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta da take sakin guba a hanjin jariri ta shanye masa jiki.

Dabino ya ɗan bambanta. Busasshe kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, amma yana tafe da harzarsa, ana tauna shi, yana tsayawa a ciki. Biyu ko uku bayan abinci sun fi alewa nesa ba kusa ba. In aka markaɗa guda goma a abin sha, ko aka dafa shi ya zama sirof, an koma gidan jiya.

Wannan shi ne amsar jus ma. Kofi ɗaya na ruwan lemon zaƙi sai an matse lemo biyu ko uku, a zubar da tuƙar, yaro ya shanye cikin minti ɗaya. Ba shi lemo uku ya ɓare ya ci, da wuya ya gama na biyu. Kwalin jus na mililita 200 yana da kusan giram 20. Hukumar lafiya ta Ingila ta sa iyakar yaro mai shekara 4 zuwa 6 giram 19 a yini, mai 7 zuwa 10 giram 24. Kin ga ƙaramin naki kwali ɗaya ya cinye masa rabonsa na yini tun kafin a tashi tara. Ki ba su ɗan itacen da gorar ruwa. In za su yi bore, ki fara sirka jus ɗin da ruwa, kashi uku jus kashi ɗaya ruwa, bayan mako rabi da rabi, kuma tsagwaron jus ɗin kada ya wuce mililita 150 a yini, a sha shi tare da abinci.

Kek kuma, a nan sukari ba zaƙi kawai yake bayarwa ba, aiki yake yi. Lokacin da kike buga shi da bota, ƙwayoyinsa ne suke huda botar su cusa iska, iskar nan ce take tayar da kek. Yana riƙe danshi, yana hana fulawa yin tauri, shi ne kuma yake sa saman ya yi ja. Shi ya sa wadda ta zabge rabi lokaci guda take fito da kek fari fat, a daƙushe, washegari ya bushe kamar katako. Ki fara da cire kashi ɗaya cikin huɗu: inda aka ce giram 200 ki sa 150. Yawancin kek suna jure har kashi ɗaya cikin uku. Ki ƙara tsawon bugun bota da minti ɗaya ko biyu, ki duba shi minti biyar kafin lokacin da kika saba, kuma ki gwada da tsinke, kada ki jira launi, don ba zai yi ja kamar da ba. Banila da kirfa da ɗan gishiri kaɗan suna sa a ji zaƙin ya fi yadda yake. Nunanniyar ayaba da aka dame tana maido da danshi, sai ki rage madara ko ruwan haɗin. Biskit mai ƙarancin sukari ba ya bajewa a faranti, ki danna shi da hannu kafin gashi. Abin da ba a taɓawa shi ne jam ɗin da za a ajiye a waje: sukarin ne yake tsare shi, yana buƙatar kusan kashi 60 zuwa sama, in kin rage sai firiji, a cinye cikin makonni kaɗan.

Ƙwayar zaƙi irin su asfatam, sukuralos da sitibiya ba sa ɗaga sukarin jini, ba sa cin haƙori. Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa a wannan fannin ba. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba. Ni a ganina tsani ne na sauka daga lemon kwalba, ba wurin zama ba, tunda suna barin harshe a kan tsohon matakinsa. Alewa da cingam masu sobitol ko maltitol kuma in aka ci da yawa suna kumbura ciki su sa zawo, yara sun fi saurin kamuwa.

Mai Duba Haƙora:

Ƙari kaɗan a kan abin da Anti ta faɗa. A wurin haƙori, sau nawa aka sha ya fi nawa aka sha muhimmanci. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, bakteriyar da take manne a haƙori tana mai da shi asid cikin mintuna, ƙarfin asid ɗin ya kai matakin da yake narkar da farin rufin haƙori, yawu kuma yana buƙatar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya wanke ya gyara. Wanda ya shanye lemonsa tare da abinci sau ɗaya aka kai wa haƙoransa hari. Wanda ya ajiye kwalbar a gefe yana kurɓa duk bayan minti ashirin har la'asar, bakinsa bai huta ba ko kaɗan. Kuskuren masu ragewa ke nan: su raba kwalba ɗaya a yini guda suna ganin sun yi dabara.

Mafi muni shi ne na dab da barci, don yawu yana raguwa da dare. Shayin dare a fara kai shi sifili kafin na safe, kuma kada yaro ya kwanta da abin zaƙi a baki. Lemo marar sukari ma yana da asid ɗinsa. Bayan shan kowane iri a kurkure baki da ruwa, a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi.

Mai Sikeli:

Na karɓi gyaran Baban Zara a kan lemon kwalba. Saura maganar kaka, wadda ba mu taɓa ba, kuma ita ce mai haɗari. Maman Biyu, ki duba sunan maganinta. In insulin take yi, ko tana shan gilibenkilamaid ko gilikilazaid, an auna maganin ne daidai da cin da ta saba. In aka sauya mata abinci kwatsam maganin yana nan yadda yake, sukarin jininta yana iya faɗuwa. Likitanta ya san da shirin tukuna. Alamun faɗuwar su ne rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya da rikicewa, a na'urar auna sukarin jini kuma ƙasa da 70, ko 3.9 in da ɗaya ma'aunin take aiki. A wannan halin sukari shi ne magani: giram 15, wato cokali huɗu a shafe cikin ruwa ko rabin kofin jus, a sake aunawa bayan minti 15, in bai hau ba a maimaita. Lemo marar sukari ba ya aiki a nan. In ta suma kada a ɗura mata komai a baki, asibiti kai tsaye. Saboda haka ko kin share gidan, ki bar ɗan sukari inda hannunta zai kai. Ki kuma sani cewa a wurinta farin burodi da farar shinkafa ma suna ɗaga sukarin jini duk da ba su da zaƙi.

Wuri na biyu da ba a ragewa shi ne ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Haɗin gida lita ɗaya ce ta tsaftataccen ruwa, cokali shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Gulukos ɗin ne yake jan gishiri da ruwa su ratsa bangon hanji, in an rage shi haɗin ba zai yi aikinsa ba, in an ƙara kuma gudawar za ta tsananta. A auna shi daidai, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo.